Shawara da Tsakuwar Matsarmama a Tarihin Tudun Wada

Tun kafin Turawa su yanka filin Tudun Wada a bayan ganuwar Zariya domin baƙi 'yan Arewa, Zagezagi suna da ilmin ɗibbu nasu, wanda rabinsa yana cikin littattafan malamai, rabinsa kuwa yana cikin burgamin masu saiwa. Malaman sun gaji ra'ayin hukama'u na dauri cewa jikin ɗan Adam ya ginu bisa ɗabi'o'i huɗu, wato jini da majina da safara'u da sauda'u, kuma idan safara'u ta rinjayi sauran, sai ido ya yi ruwan ɗorawa, fitsari ya rine. Ilmin nan ya sha ruwa daga rijiyoyi da yawa, har da ta Indiya, domin Aliyu ɗan Rabban Aɗɗabari ya keɓe wa maganin Hindu wani sashe a littafinsa Firdausul Hikma wajen shekarar 850. A ƙasarmu kuwa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa risaloli a kan ɗibbu.

Su kuwa masu saiwa, sunan da suka ba wannan lalura mai sa ido ruwan ɗorawa shi ne shawara, babban maganinta a wurinsu kuma rawaya, wadda akan tono saiwarta a daji, a kankare, a shanya a daka, sannan a jiƙa ko a dama a kunu, a kuma hana majiyyaci maiƙo har idonsa ya washe.

Da asibitin Tudun Wada ya zama na koyarwa ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, sai ya bayyana ga jama'a cewa sunan nan guda ya lulluɓe cututtuka dabam-dabam: akwai kumburin hanta, akwai fashewar ƙwayoyin jini irin na masu sikila, akwai kuma tsakuwa da kan ƙullu a matsarmama, ta gangara ta toshe hanyar ruwan ɗaci, ta bar mutum yana murƙususu riƙe da haƙarƙarin dama. Wannan ta ƙarshe jiƙo ba ya fitar da ita, sai aikin likita, irin wanda wani likita mai suna Langenbuch ya fara a Balin a 1882, ranar da ya cire matsarmama ɗungurungum.

Asibitin ya koma Shika a 2005, amma ƙullin rawaya bai bar kasuwa ba, kuma ba na raina shi, domin da shi kakanninmu suka yi jiyya lokacin da babu wani. Roƙona ga mai saiwa, don girman Allah, shi ne ya san haddin sana'arsa: idan ido ya ƙi washewa, ciwo ya tsananta, zazzaɓi ya biyo baya, to amanar da ke wuyansa ita ce ya ce da dangi su ɗauki majiyyacinsu zuwa Shika tun da sauran ƙarfinsa.