Gwanjon Haruffa

A shekarar 2003 aka amince da ƙa'idar da ta bai wa adireshin intanet damar ɗaukar haruffan da ba na Turanci ba. Na daɗe ina kallon wannan a matsayin nasarar harsuna zalla, har sai da na bibiyi tarihin Rasha.

Ranar 11 ga Nuwamba 2010 aka buɗe rajistar .рф ga kowa. Kafin jama'a su ankara, kamfanin rajista na RU-Center ya kame dubban sunaye masu farin jini, ya sa su gwanjo. Kalmomin da Rashawa suka tsotsa a nono, ga su ana tayawa, mai kuɗi ya ɗauka. Koke ya yi yawa, hukumar hana babakere ta ƙasar ta tuhumi kamfanin da saɓa dokar gasa.