Daga Dandali zuwa Allon Waya: Yadda Yaran Zariya Suka Daɗe Suna Tsara Waƙa Tare

Tun kafin makarantar boko ta shigo birnin Zazzau, yaran unguwanni irin su Ƙofar Gayan suna da wurin koyon tsara waƙa, wato dandali. A wasan gaɗa, yarinya ɗaya ce take bayarwa, saura su yi amshi, tafi kuma ya tsaya a madadin ganga. Mai bayarwa takan saka sunan ƙawarta ko wani abu da ya faru a unguwa. In baitin ya zauna a bakin 'yan amshi, ya rayu, in kuwa bai zauna ba, a daren zai mutu. Haka samari suke yi da waƙoƙin tashe idan azumi ya kai kwana goma.

Manazarta sun tarar da wannan gado da ransa. A 1949 da 1950 Mary Smith ta rubuta tarihin Baba ta Karo a ƙasar Zazzau, da waƙoƙin ƙuruciyarta a ciki. David Ames, wanda ya yi bincike a Zariya, ya haɗu da Anthony King suka fitar da ƙamus na kiɗan Hausa a 1971. Amma takarda kalmomi kaɗai take iya riƙewa, ba ta riƙe tafi da murya.

Na'ura ta shigo ta wata ƙofa dabam. A shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya mamaye ɗakunan ɗaukar waƙoƙin fim a Kano, mutum guda ya koma yana yin aikin makaɗa da yawa. Daga baya manhajoji suka kai wannan dama hannun yara: Apple ya fitar da GarageBand a 2004, Google kuma ya buɗe Chrome Music Lab a 2016, inda yaro zai taɓa 'yan akwatuna a kan allo ya ji sun zama kiɗa.

Sai dai yawancin waɗannan kayan an ƙera su ne domin mutum ɗaya da abin sauraro a kunne, alhali waƙar yaran Hausa ta taro ce. Malamar firamare da ke da waya guda da ɗalibai cike da aji ba ta rasa komai ba, domin tsarin gaɗa ya riga ya raba aiki: wasu su tsara baiti, wasu su yi amshi, wasu su riƙe tafi, wayar ta ɗauka, a saurara tare, a gyara. Da sharaɗin cewa muryar yaro ba za ta fita daga aji ba sai da yardar iyayensa.

Talabijin, waya da karatun dare sun rage wa dandali jama'a. Ajin firamare na cikin wurare kaɗan da suka rage inda yara da yawa suke haɗuwa kullum, kuma a nan ne amshi zai iya samun masu karɓa.