Noti Uku a Bayan Madubi

Wanda ya sayi na'urar hangen taurari mai madubi, ya kafa ta a daren farko, sau da yawa abin da yake gani yakan ba shi takaici. Tauraron da ya kamata ya fito kamar ɗigon haske sai ya fito da 'yar jela a gefe guda. Idan ya kai kuka wurin waɗanda suka riga shi, za su ce masa na'urarsa lafiya lau take, saiti ne ya goce, ya juya ta ya duba noti uku da ke bayan babban madubi. Yawancin masu koyo suna ɗaukar wannan aiki a matsayin wahalar da ake sha kafin a kai ga ainihin kallo. A ganina tarihi bai goyi bayansu ba. Tunanin ƙera na'urar ya zo da wuri, kuma bai yi wuya ba. Abin da ya ci shekaru fiye da ɗari uku shi ne koya wa hannu yadda zai wasa madubi, ya gwada shi, ya zaunar da shi daidai. Mai koyon da ke murɗa noti a tsakar gida ya shiga wannan sana'a ne ta ƙofarta ta asali.

Tsarin da Isaac Newton ya ƙera a Ingila a 1668 har yau yana cikin waɗanda suka fi yawa a hannun masu sha'awa. Madubi mai kwarmi yana zaune a gindin bututu, yana tattara haske ya mayar da shi sama. Kusa da bakin bututun akwai ƙaramin madubi shimfiɗaɗɗe da aka karkata, wanda ke tura hasken gefe zuwa inda ido yake. Newton ya koma ga madubi ne saboda ruwan tabarau na zamaninsa yana rarraba haske zuwa launukan bakan gizo, kowane abu mai haske sai ya fito da gezar launi. Madubi ba ya yin haka. Amma ya zo da nasa sharaɗin, wanda duk yaron da ya taɓa haska bango da ɓallin madubi ya sani: hannu ya ɗan motsa, hasken ya yi tsalle mai nisa. Babban madubi yana ba da hoto mai tsabta a kan layi guda ne kawai, layin da ya fito daga tsakiyarsa. Idan ido bai faɗa kan wannan layi ba, jelar nan ta bayyana, kuma gwargwadon gajartar bututu idan aka kwatanta da faɗin madubi, gwargwadon ƙanƙantar kuskuren da na'urar za ta iya yafewa.

Hujja ta farko ita ce jinkirin da aka samu. James Gregory ya buga tsarinsa na na'ura mai madubi a 1663, shekara biyar kafin Newton, amma masu sana'ar gilashi na Landan sun kasa fitar masa da madubin da ya zana. Na Newton kuma, wanda aka nuna wa ƙungiyar masana ta Royal Society a ƙarshen 1671, faɗin madubinsa bai wuce inci biyu ba. An yaba, an ajiye. Sai da aka yi shekara hamsin, a 1721, John Hadley ya kawo wa ƙungiyar na'ura mai madubin inci 6, wadda aka gwada da wani ruwan tabarau mai tsawon hange ƙafa 123, ta yi kafaɗa da kafaɗa da shi. A tsawon waɗannan shekaru hamsin babu wani sabon lissafi da aka rasa. An rasa mutumin da zai iya narka jan ƙarfe da kuza, ya goge abin da ya fito har ya ɗauki siffar da ake so, sannan ya gina masa mazaunin da ba zai goce ba.

William Herschel ne ya fi kowa nuna nauyin wannan aiki. Makaɗi ne daga Hanover da ke zaune a garin Bath, ya koyi wasa madubi da kansa, kuma an ruwaito cewa yakan yi awa 16 bai ɗaga hannu daga guga ba, ƙanwarsa Caroline tana sa masa abinci a baki. Da na'urar da ya ƙera, mai madubi ɗan sama da inci 6, ya gano duniyar Uranus ranar 13 ga Maris 1781. Abin da ya ba shi wannan nasara shi ne ingancin madubin: ya ga abin yana da faɗi kamar faifai a inda wasu kafinsa suka ga ɗigo, suka rubuta shi a matsayin tauraro. Madubin ƙarfe irin nasa yana mayar da kusan kashi biyu cikin uku na hasken da ya faɗa masa, kuma yana dusashewa cikin watanni. Gogewa kuwa tana cin jikin ƙarfen, wato tana taɓa siffarsa. Shi ya sa babbar na'urarsa ta Slough, mai tsawon ƙafa 40 wadda aka gama a 1789, take da madubi biyu, ɗaya na aiki ɗaya na wurin guga, kuma duk musanya sai an sake saiti daga farko. A manyan na'urorinsa Herschel ya cire ƙaramin madubin gaba ɗaya don kada ya yi asarar haske sau biyu, ya karkata babban da gangan, ya tsaya a bakin bututu yana leƙawa. Mutumin da zai iya goce saiti da niyya, ya san iyakar da hoton zai jure, ya fahimci saiti fiye da wanda ke bin ƙa'ida ido rufe. Lord Rosse ya bi sahu a Birr ta ƙasar Ireland a 1845 da madubin inci 72, mai nauyin tan da yawa, wanda sai da aka yi masa shimfiɗar ƙarafa masu raba nauyi don kada ya lanƙwashe da kansa. Da shi aka fara ganin cewa wasu gizagizan taurari suna da siffar naɗi.

Za a iya cewa duk wannan shaida ce a kan na'urar, ba a gare ta ba: abin da ke buƙatar gyara kowane dare ai abu ne mai naƙasa. Mai wannan magana yana da abin kafa hujja. Tun 1758 John Dollond ya fara sayar da ruwan tabarau mai haɗin gilashi iri biyu wanda ya rage matsalar launi sosai, kuma irin wannan na'ura ana ɗaure ta a masana'anta ta shekara da shekaru ba a taɓa ta ba. Sai dai ruwan tabarau a gefensa kaɗai ake iya riƙe shi, tunda haske zai ratsa tsakiyarsa, kuma idan ya yi girma sai ya lotsa. Na inci 40 da aka kafa a Yerkes ta Amurka a 1897 shi ne kusan ƙarshen tafiyar. Madubi ana tallafe shi ta baya gaba ɗaya, shi ya sa ya ci gaba da girma. Saiti shi ne kuɗin da ake biya don samun faɗi, faɗi kuwa shi ne ke tara haske, kuma hasken ne abin da aka fito nema.

Abin da ya sauko da sana'ar daga hannun masu hali shi ne gilashi da azurfa. A wajejen 1857 Léon Foucault a Faransa da Carl von Steinheil a Jamus suka fara shafa wa gilashi azurfa siririya, wadda idan ta dusashe a wanke ta a sake shafawa ba tare da an taɓa siffar gilashin ba. Foucault ya ƙara da gwajin da ake yi da fitila da bakin wuƙa, wanda ke nuna tudu da kwarin da ido ba ya gani a fuskar madubi. Daga nan aikin ya zama abin da za a iya koyarwa. A garin Springfield na jihar Vermont, Russell Porter ya tara ma'aikatan masana'anta a farkon shekarun 1920 yana koya musu wasa madubi, mujallar Scientific American ta yaɗa labarin a 1925, kuma taronsu na Stellafane da aka fara a 1926 yana nan har yau. Porter ɗin nan daga baya aka kira shi ya yi aiki a kan na'urar inci 200 ta Palomar. Bayansa John Dobson a San Francisco ya riƙa haɗa manyan na'urori da gilashin tagar jirgin ruwa, bututun kwali da katako, yana kai su bakin titi don masu wucewa su leƙa. Na'ura mai arha da ake jefawa a bayan mota dole saitinta ya riƙa gocewa, don haka aikin da a da sai gwanaye ya zama darasin farko na kowane sabon shiga.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi a yau: akwai 'yar fitilar lesa da ake sakawa a mazaunin ido, a murɗa noti har ɗigon ja ya koma inda ya fito, to ina sauran gwaninta? Kayan aikin suna da amfani ƙwarai, kuma bai kamata a hana mai koyo su ba. Amma fitilar ita ma tana iya zama a karkace, kuma idan ta karkace za ta tabbatar wa mai ita da kuskurensa. Wannan ne ya faru da Hubble, na'urar hangen taurari da ke sararin samaniya, a ma'auni mafi tsada. An harba shi a 1990, aka tarar hotunansa sun yi dishi-dishi, domin an wasa madubinsa daidai wa daida bisa umarnin na'urar gwaji wadda aka haɗa da kuskuren milimita 1.3. Wasu gwaje-gwaje masu sauƙi sun nuna akwai matsala, aka yi watsi da su saboda an fi yarda da babbar na'urar. Sai a Disambar 1993 'yan sama jannati suka je suka sa masa gyara. Tsofaffin masu sana'ar suna gama saiti ne da tauraro: a ɗan kawar da shi daga tsabta har ya buɗe ya zama zobba, a duba ko inuwar ƙaramin madubi tana tsakiyarsu, idan ta karkata a taɓa noti ɗaya kaɗan, a dawo da tauraron tsakiya, a sake dubawa. Da tauraro aka saita na'urar James Webb ma, wadda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, mai madubi ɓangarori 18. Injiniyoyinta sun auna tauraro guda, ya fito musu a wuri 18, suka yi kusan wata uku suna motsa ɓangarorin ɗaya bayan ɗaya daga nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi, har ɗigogin suka haɗu suka zama ɗaya.