Daga Dalar Gyaɗa Zuwa Gangar Mai

Yau zan ɗan ajiye labarin soyayya, mu waiwayi tarihin gonakinmu na arewacin Kano, wato Dambatta da Bichi da Dawakin Tofa, inda gona ke manne da gona, ba a barin ƙasa ta huta.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suka so a noma, amma manomi ya yi lissafinsa ya zaɓi gyaɗa, domin in kasuwa ta ƙi, ya ci abarsa. Daga nan attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka bunƙasa, buhuna suka zama dala a birni. Har shekarun 1960 Nijeriya tana sahun gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa.

Sai aka sami mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958. Farin 1972 zuwa 1974 ya durƙusar da manoma, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa saura. Kuɗin mai kuwa na ta kwarara, hankalin hukuma ya bar ƙauye, samari suka ajiye fartanya suka nufi birni. Obasanjo ya kawo shirin ciyar da ƙasa a 1976, Shagari ya kawo nasa a 1980, amma dala ba ta dawo ba.

A 2020 korona ta tona mana asiri. Cikin watan Afrilu gangar mai ta faɗi ƙasa da dala 20, aka kulle Kano, alhali kusan duk kuɗin waje da ƙasar ke samu daga mai ne. Nan da nan manya suka shiga wa'azin a nemi wasu hanyoyin samun kuɗi.

Ni abin dariya ya ba ni, don wannan karatun a gonar mahaifina na fara ganinsa. Gero da dawa da wake da gyaɗa duk a gona ɗaya yake shuka su, in ɗaya ya ƙi, ɗaya ya yi. Da rani a yi saƙa ko fatauci, jaki ya kai itace birni ya dawo da taki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yau kasuwar Dawanau tana tura riɗi da zoɓo ƙasashen waje, ana noman rani a Tomas da Watari. Sai dai ɗanye muke sayarwa, kamar yadda aka yi da gyaɗa, ribar sarrafawa tana hannun wasu. Ga tsadar taki da man injin ban-ruwa tun da aka cire tallafi a 2023. In dai gyara ake so, a sama wa ƙauye wuta da hanya da injin sarrafa amfanin gona. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.