Ganuwa a tafin hannu: ƙofofin birane a kan kuɗin Rumawa

A watan Satumba na shekarar 1922, wasu leburori masu haƙar yumɓu a Beaurains, kusa da garin Arras a arewacin Faransa, suka tono wata tukunya cike da zinariya da azurfa na zamanin Rumawa. Kafin hukuma ta farga, kaso mai yawa na dukiyar ya watse a hannun dillalai. Cikin abin da ya tsira akwai wani babban sulen zinariya mai nauyin kusan giram 53, wanda aka buga a birnin Trier na Jamus ta yau. A bayansa ne ake samun hoton Landan mafi daɗewa da aka sani.

Ga abin da ido ke gani: basarake Konstansiyus bisa doki, riƙe da mashi; mace a durƙushe tana miƙa masa hannu biyu; bayanta ƙofa mai hasumiya biyu, ƙarƙashinta haruffa uku, LON. A ƙasa kuma ga jirgin yaƙi da dakaru a kan kogi. Rubutun Latin da ke kewaye yana kiransa mai maido da haske madawwami. Maƙerin ba shi da filin zana kasuwa ko unguwanni, sai ya bar ganuwa ta wakilci gari dukansa. Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba, tunda a harshenmu kalmar birni tana nufin katangar, tana kuma nufin garin da ta kewaye.

Sai dai sulen bai faɗi labarin duka ba. Tun shekarar 286 Birtaniya ta ɓalle daga Rum ƙarƙashin Karawsiyus, shugaban rundunar ruwa. A 293 Alektus ya kashe shi ya haye gadonsa. Da aka kai farmaki a 296, wanda ya gwabza da Alektus har ya ga bayansa shi ne Askilefiyodotus, babban hafsan Konstansiyus. Rundunar basaraken ta iso Landan ne daidai lokacin da ragowar sojojin haya ke shirin wawashe gari, ta hana su. Aiki ne na kirki, ba mai musu, amma sunan hafsan bai sami ko harafi ɗaya a zinariyar ba.

Ba da wannan ma'ana aka soma sa ƙofa a kuɗi ba. A shekara ta 25 kafin haihuwar Annabi Isa, Ogustus ya kafa Emerita, wato Merida ta ƙasar Sipaniya, don zaunar da tsofaffin sojojinsa, aka kuma buga sulallan azurfa masu ɗauke da ƙofarta mai baki biyu. Wannan ƙofar alfahari ce, ta sabon gari da ke shelar haihuwarsa.

A ƙarni na uku al'amari ya juye. Bayan da Gotawa suka auka wa Nikiya, wato Iznik ta Turkiyya, garin ya gyara ganuwarsa, ya kuma zana ta gaba ɗaya a kan kuɗinsa na tagulla wajajen shekarar 260. A 271 sarki Oreliyan ya soma kewaye ita kanta Rum da katanga mai tsawon kimanin kilomita 19, alhali ta yi ɗaruruwan shekaru tana taƙama da cewa dakarunta na kan iyaka su ne ganuwarta. A ganina, yawaitar hoton ƙofa a wannan zamani ya fi nuna fargabar jama'a fiye da ƙarfin daula.

Konstantin, ɗan Konstansiyus, shi ya kai abin ƙarshe. Daga 324 zuwa wajen 329, gidajen buga kuɗi daga Landan har Iskandariyya suka yi ta fitar da ƙananan kwabbai masu hoton ƙofa, da rubutu mai yabon hangen nesa na sarakuna. Ƙofar ba ta da sunan gari, ba kuma wata mace a durƙushe gabanta. Har yanzu masana na jayayya ko ta birni ce, ko ta sansanin soja, ko kuwa hasumiyar tsaro ce ta bakin iyaka.