Kullen Kazaure Na 2020 Da Ciwon Da Ba A Ƙidaya Ba

A watan Afrilun 2020, ana gab da azumi, gwamnatin Badaru Abubakar ta sanya dokar kulle a Kazaure saboda ɓullar cutar korona. Ina cikin garin a lokacin. Kullum muna kasa kunne mu ji adadin waɗanda suka kamu, amma ban ji wanda ya ƙidaya waɗanda barci ya ƙaurace wa ba.

Wani maƙwabcina ɗan kasuwa, da jarinsa ya karye, sai ya daina magana, ya daina fitowa ko ƙofar gida. Wasu suka ce aljanu ne, wasu suka ce raunin imani. Ni ma, Allah Ya yafe mini, haka na ɗauka. Abin kunyar shi ne, asibitin masu taɓin hankali na Jihar Jigawa a garinmu yake, har daga Roni da Gwiwa da Babura ake kawo majinyata, amma tsoron a kira shi mahaukaci ya hana iyalinsa kai shi sai bayan salla.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ciwon damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a shekarar farko ta annobar. A waccan shekarar kuwa, dokar mahaukata ta 1958, gadon Turawan mulki, ita ce ke aiki a Nijeriya; sai a farkon 2023 aka sanar cewa Shugaba Buhari ya sanya wa sabuwa hannu.