Samaru da Manufar Gwamnati kan Binciken Aikin Gona

Tashar binciken aikin gona da ke Samaru, kusa da birnin Zariya, ta samo asali ne a shekarar 1922, lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta mayar da wurin hedikwatar Sashen Aikin Gona na Lardunan Arewa, kuma tarihinta ya nuna yadda manufar hukuma ke zaɓa wa masana abin da za su bincika tun kafin su shiga gonar gwaji. Abin da ya fi damun mahukuntan wancan zamani shi ne amfanin gonar da za a yi wa lodi a jirgin ƙasa zuwa bakin teku, wato audugar da masaƙun Ingila ke nema, da gyaɗar da kasuwarta ta buɗe bayan layin dogo ya isa Kano a 1911. Saboda haka aka duƙufa kan tace irin auduga na Allen, wanda asalinsa daga Amurka ne, domin zarensa ya fi na gargajiya tsawo, aka kuma shiga koya wa manoma huɗa da garmar shanu, alhali dawa da gero, waɗanda da su ake ciyar da gida, ba su samu kulawar da ta kai haka ba.

A 1962 aka haɗe tashar da sabuwar Jami'ar Ahmadu Bello da sunan Cibiyar Binciken Aikin Gona, kuma a shekarun da suka biyo baya ne aka yi aikin da ya fi cancantar a tuna da shi. Malaman gona sun daɗe suna kallon gauraya shuka, wato haɗa gero da dawa da wake a gona guda, a matsayin rashin wayewa, suna kira ga manomi ya ware wa kowane iri filinsa. Sai wani masanin tattalin arzikin karkara, David Norman, tare da abokan aikinsa suka bi manoman wasu ƙauyukan Zazzau suna rubuta aikin da suke yi da abin da suke girba, inda suka gano cewa gaurayen ya fi ba da riba a kan fili ɗaya, yana kuma rage hasara idan damina ta yi gardama, tunda da wuya dukan iri su lalace tare. Sun kuma nuna cewa babbar matsalar manomi ita ce ƙarancin hannu a lokacin cire ciyawa, don haka duk shawarar da za ta ƙara masa aiki a wannan lokaci ba za ta karɓu ba, komai kyanta a gonar gwaji. Abin takaici ne a ce sai da aka shafe fiye da shekara arba'in kafin hukuma ta auna ilmin da manomi ya gada da ma'aunin adalci.

Farin da aka yi a 1973 da annobar kuturtar gyaɗa ta 1975, wadda ƙananan ƙwari ke yaɗawa, sun durƙusar da noman gyaɗa, suka tilasta wa masana neman irin da ke jure cuta kuma yake nuna da wuri. A daidai wannan lokaci Gwamnatin Tarayya ta karɓi jami'ar, aka kuma buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa da rancen Bankin Duniya domin kai iri da takin zamani ga manoma. An kafa Ma'aikatar Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 1980, aka fitar da manufar ƙasa ta farko kan kimiyya da fasaha a 1986, amma a wannan shekarar ce kuma aka shiga shirin tsuke bakin aljihu, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, lamarin da ya wargaza tsarin rarraba irin auduga, ya kuma bar cibiyoyin bincike cikin ƙarancin kuɗi.

Duk da haka cibiyar ta ci gaba da fitar da ingantattun iri masu ɗauke da sunan Samaru, irin su SAMSORG na dawa da SAMNUT na gyaɗa da SAMMAZ na masara. A 2019 aka amince da waken SAMPEA 20-T, wanda aka sauya wa ƙwayar halitta domin ya jure tsutsar da ke cin furensa da kwansonsa, kuma har yanzu masana da ƙungiyoyin manoma suna muhawara kan irin wannan fasaha.